Mdou Moctar: mai gitar ɗin da munka daɗe muna saurare ba mu san sunanshi ba

Yau tarihin wani mawaƙi na kawo muku. Ba ɗan Kurfai ba ne, amma da yawanku kun taɓa jin muryarshi cikin wayarku, ko da ba ku san shi ne ba.

Bari in fara da laifin kaina. Wajen 2010, lokacin da kowane saurayi ke yawo da 'yar wayar Sin mai ƙara kamar rediyo, akwai yaran da ke zaune bakin tasha da kwamfuta suna zuba ma mutane waƙoƙi cikin katin memori. Wanda bai da kuɗin zubi sai ya roƙi aboki ya turo mishi ta Bluetooth. Ta haka wata waƙa ta shigo hannuna. Harshen Tamajak ne, amma kiɗan irin na finafinan Hausa, muryar kuma an matse ta cikin na'ura tana rawa kamar ta 'yan Kano. Babu sunan mawaƙi, babu sunan waƙa, lambobi kawai. Bayan 'yan shekaru, da na fara aikin rediyo, na sa ta cikin shirin gaishe-gaishe, na buɗe baki na ce ma masu saurare wani mawaƙin Kidal ne, ɗan Mali. Ban gama rufe baki ba wani dattijo ya kira daga wajen Bonkuku ya ce: "Yaro, gyara zancenka. Wanga ɗan Tchinta ne, ɗan ƙasarku." Kunya ta kama ni. Tun ran nan nike bin labarin mutumin, ga kuma abin da na tara.

ASALINSHI

Sunanshi na yanka Mahamadou Souleymane. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 cikin Azawak, jihar Tawa, yankin Tchintabaraden da Abalak. Mu nan Azawak ba baƙon suna ba ne gare mu. Shanun da aka kiwo a gidan gonar Tukunus sunan wannan ƙasa suka ɗauka, kuma wanda ya bi hanyar Abala da Sanam ya faɗa Tawa, arewa kaɗan ya isa garinsu. Wani ɓangare na ƙuruciyarshi ya yi shi a Arlit, garin uraniyom, inda kamfanin Somaïr ya fara haƙa tun 1971. Ku riƙe wannan, don zai dawo cikin waƙoƙinshi daga baya.

Gidansu gidan addini ne, kuma ba su son zancen gitar ko kaɗan. A wurinsu mai gitar ɗan shashanci ne, abokin masu shaye-shaye. Wannan ba abin mamaki ba ne gare mu, don ko nan Kurfai yaron da ba ɗan gidan makaɗa ba in ya ce zai yi kiɗi, uwarshi ta san ranar kuka ta zo. Amma yaron ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ranshi ya ƙi hita. Ba shi da kuɗin sayen gitar, babu kuma mai saya mishi. Sai ya samu katako ya sassaƙa, ya ɗaura wayoyin birkin keke a matsayin tsirkiya, yana koyo a ɓoye. Ga shi bahago, da hannun hagu yake kaɗawa, alhali kusan duk gitar da ke shigowa ƙasar nan ta masu dama ce. Daga baya, kamar dubban samarin arewa, ya tahi Libiya bida, ya yi aikin ƙarfi, ya dawo gida da niyyar kiɗi.

INA WANNAN KIƊI YA FITO?

Ba a gane Mdou Moctar sai an koma baya kaɗan. Fari na 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985, sun kashe dabbobin Abzinawa kamar yadda sunka kashe namu. Tsofaffinmu har yau suna ba da labarin waɗannan shekaru. Samarin da dukiyarsu ta ƙare sunka watsu Aljeriya da Libiya, babu aiki babu takardu. Ana kiransu ishumar, kalmar da ta fito daga chômeur ta Faransanci, wato marar aiki. A can ne sunka ɗauki gitar sunka zuba mata waƙoƙin kewar gida da na tawaye. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali daga nan ta taso. A ɓangaren Nijar kuwa, babban sunan shi ne Abdallah Oumbadougou da ƙungiyarshi Takrist n'Akal.

A watan Mayu na 1990 anka yi tashin hankalin Tchintabaraden, inda anka rasa rayukan fararen hula, abin da ya buɗe ƙofar tawayen farko. Cikin waɗannan shekaru, a kama mutum da kaset ɗin gitar na iya jawo mishi fitina da jami'an tsaro. Kaset ɗin na yawo hannu da hannu, ana kwafa daga rediyo zuwa rediyo har murya ta dushe. Sai da anka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995, ranar da anka mayar ranar hutu da sunan ranar haɗin kan ƙasa, sannan gitar ta fito fili. Daga nan ta zama kiɗan biki. A Agadas aure ba ya cika sai an kafa lasifika an kira masu gitar, samari da rawuna suna taka rawa cikin ƙura har dare.

Mdou ɗan wannan zamani na biyu ne, zamanin biki. Ya gaji salon Abdallah, ya haɗa da takamba, kiɗan da mu ma munka sani a bukukuwan Imanan da Tagazar, sannan ya ƙara mishi sauri. Yatsunshi na gudu bisa tsirkiya ta yadda mai saurare zai ɗauka mutum biyu ne ke kaɗawa.

SAKKWATO, 2008

Ga inda labarin ya shafe mu Hausawa kai tsaye. A 2008 ya ƙetara iyaka ya tahi Sakkwato don ya ɗauki waƙoƙinshi. Me ya kai shi can? Lokacin, waƙoƙin finafinan Hausa sun cika kasuwa tun daga Kano har Agadas, kuma situdiyo mai araha a arewacin Najeriya take. Masu situdiyon ba su san wani abu game da kiɗan hamada ba. Abin da sunka iya shi ne fiyano mai ganguna a ciki, da na'urar matse murya da ake kira autotune. Yadda suke yi ma mawaƙan fim, haka sunka yi mishi. Abin da ya fito shi ne kundin Anar: gitar Abzinawa, harshen Tamajak, gangar na'ura irin ta nanaye, da murya mai rawa.

Mai bin ƙa'ida zai ce an ɓata kiɗan gargajiya. Samari kuwa sunka ce ga abin da muke jira. Kundin bai taɓa hita kasuwa a hukumance ba a lokacin. Babu kamfani, babu hoto, babu wanda ya biya shi ko dala. Waƙoƙin sunka shiga waya, daga waya zuwa waya, cikin motocin haya da tashoshi da kasuwannin dabbobi, har sunka kai Gawo da Kidal da Tamanrasset. Waƙar da ta zo hannuna a Filinge ɗaya ce daga cikinsu. Dubi abin: mutum ya yi suna a ƙasashe uku ko huɗu, amma sunan nashi bai bi waƙar ba.

BA'AMURKEN DA YA BI SAWUN WAƘA

A daidai wannan lokaci akwai wani saurayi Ba'amurke, Christopher Kirkley, daga birnin Portland, yana yawo Muritaniya da Mali yana tara waƙoƙin da ke cikin wayoyin mutane. Shi ne ya kafa ƙaramin kamfanin Sahel Sounds. Ya haɗa wasu daga cikin waƙoƙin ya fitar da su da sunan Music from Saharan Cellphones, wato kiɗan wayoyin Sahara. Cikinsu akwai Tahoultine, waƙar Mdou. Matsalar ita ce shi ma bai san mai ita ba da farko. Sai da ya yi ta cigiya kafin ya samu lambarshi. Mdou da kanshi ya sha ba da labarin cewa da anka kira shi, ya ɗauka wani ɗan uwanshi ne ke mishi wasa da muryar Nasara.

Kirkley ya zo Nijar, ya kuma kawo mishi gitar lantarki ta bahagwai, abin da ya daɗe yana nema. A 2013 anka fitar da Afelan, wanda anka ɗauka a Tchintabaraden, rabi kiɗan dare mai sanyi, rabi kiɗan biki da ihun jama'a a ciki. A 2014 anka sake fitar da Anar, karo na farko da sunanshi a jiki.

A 2015 sunka fitar da fim ɗin da sunka yi a Agadas, Akounak Tedalat Taha Tazoughai, cikin harshen Tamajak. An gina shi ne bisa fim ɗin mawaƙin Amurka Prince, Purple Rain, na 1984. Sunan fim ɗin na nufin ruwan sama mai launin shuɗi da ɗan ja a ciki, don masu fim ɗin sun ce ba su samu kalma guda ta wannan launi ba a Tamajak. Mdou ya fito a matsayin saurayi mai gitar da moto, uba na gaba da kiɗinshi, abokan hamayya na neman kada shi a gasa. Wanda ya san tarihinshi ya san ba wasa kawai yake ba a wannan fim.

SHIGA DUNIYAR ROK

Daga nan hanya ta buɗe, Turai da farko, sannan Amurka. A 2017 ya fitar da Sousoume Tamachek, wanda ya ɗauka shi kaɗai a Portland. Sannan ƙungiya ta tsaya da ƙafafunta: Ahmoudou Madassane a gitar ta biyu, Souleymane Ibrahim a ganguna, da wani Ba'amurke, Mikey Coltun, a gitar bas, wanda kuma ya zama mai haɗa musu sauti. A 2019 anka fitar da Ilana: The Creator, da anka ɗauka a Detroit. Nan ne 'yan jaridar Amurka sunka fara kwatanta shi da Jimi Hendrix, wani bahagon, da Eddie Van Halen. Abin dariya shi ne ya girma bai san waɗannan mutane ba. Malamanshi na Arlit ne da Agadas.

To mene ne wannan indie rock da ake liƙa mishi? A Amurka da Ingila akwai manyan kamfanonin waƙa masu dukiya, akwai kuma ƙanana masu zaman kansu, waɗanda ke barin mawaƙi ya rubuta waƙarshi ya kaɗa yadda ya ga dama. Kiɗan rok da ke hitowa daga ƙananan nan shi ake kira haka. Ɗaya daga cikin mafi suna a cikinsu shi ne Matador Records na New York, da anka kafa a 1989, gidan ƙungiyoyi irin su Pavement da Yo La Tengo. Su ne sunka ɗauki Mdou Moctar, kuma a watan Mayu na 2021 sunka fitar da Afrique Victime. Kundin ya shiga jerin fitattun kundayen shekara a manyan jaridu da mujallun waƙa na can. Abdallah Oumbadougou bai ga wannan rana ba, ya rasu a Janairun 2020, amma almajirin bai daina ambaton sunanshi ba.

Abin lura, bai canza harshe ba don ya sayar. Da Tamajak yake waƙa, da ɗan Faransanci nan da can, da rawaninshi da babbar rigarshi yake hawa dandamali. Waƙoƙin soyayya na nan, na yabon Allah na nan, na haƙƙin mata na nan. Amma abin da ya fi fitowa fili shi ne ƙorafin ɗan Arlit: an kwashe shekaru ana ɗibar uraniyom ana haska biranen Faransa, ƙauyukan da ke kusa da ramin na kwana cikin duhu. A hirarrakinshi yana faɗin wannan ba tare da kwana-kwana ba. Ba shi kaɗai ba ne ɗan Nijar da ya kai can. Bombino na Agadas ya shiga takarar kyautar Grammy da kundinshi Deran na 2018, sannan ga Les Filles de Illighadad, 'yan matan wani ƙauye kusa da Abalak, da Fatou Seidi Ghali ke jagoranta da gitar a hannu.

JUYIN MULKI YA SAME SU A HANYA

Ran 26 ga Yuli 2023, da sojoji sunka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, ƙungiyar na tsakiyar zagaye a Amurka. Anka rufe iyakoki da sararin sama, takunkumin CEDEAO ya biyo baya, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Mu nan mun san yadda farashin shinkafa ya yi a wannan damina. Su kuwa ukun 'yan Nijar sunka maƙale can, iyalansu na gida, babu jirgin komawa. Sai da masoyansu sunka yi karo-karo ta intanet don a riƙe su.

Cikin wannan zama ne sunka shiga situdiyo a Brooklyn sunka sake ɗaukar sababbin waƙoƙinsu da gitar katako, babu ƙarar lantarki. Kundin asali, Funeral for Justice, wato jana'izar adalci, ya hito a Mayun 2024. An riga an ɗauke shi kafin juyin mulki, amma wanda ya ji waƙar Oh France zai ɗauka bayanshi anka yi ta. Akwai kuma Imouhar, inda yake kiran 'yan uwanshi da su riƙe harshensu kada ya ɓace. Na biyun, mai sanyin, Tears of Injustice, ya hito a Fabrairun 2025. Ni dai in za ni ba dattijo shawara, da wannan zai fara, don ya fi kusa da kiɗan da kunnenmu ya saba da shi.

Duk da wannan suna, in ya dawo gida yana kaɗawa a bukukuwan aure kamar da, kuma wani ɓangare na abin da yake samu yana sa shi cikin gina rijiyoyi a ƙauyukan da ruwa ke wahala.

ABIN DA YA SHAFE MU

Me ya sa na ɗauki lokacinku da tarihin ɗan Azawak a dandalin Kurfayawa? Dalili biyu.

Na farko, waƙar nan ta yi shekaru cikin aljihunmu, ba wanda ya tambayi mai ita, har ni da aikina ke nan. Sai da wani ya taso daga Portland ya yi cigiyar. Ba laifi ya yi ba, ya kyauta. Amma mu fa? Ƙasar nan tamu cike take da makaɗa: masu goge, masu kalangu, masu gurumi, zabiyoyin da ke riƙe da asalin gidaje da tarihin mayaƙan Kurfai a ka, makaɗan 'yan kokawa da na manoma. Da yawa sun rasu ba a ɗauki muryarsu ba ko sau ɗaya. Waɗanda anka ɗauka, kaset ɗin na cikin akwatin wata tsohuwa, zafi da ƙura na cinye shi. Wasu kuma suna yawo a WhatsApp yanzu haka, babu suna babu gari, daidai yadda Anar ta yi yawo.

Na biyu, halin da muke ciki. Shekarun nan na rashin tsaro a jihar Tillaberi, da dokar ta-ɓaci da hana hawan moto a wurare da dama, sun rage taron dare da bukukuwan ƙauye. Makaɗi kuwa da biki yake ci. In babu biki zai ajiye ganga ya tahi wurin zinariya ko bakin teku, ɗanshi kuma ba zai koya ba. Gidan kiɗi in ya mutu ba ya tashi da sauƙi.

Ba ina cewa kowane yaro ya sassaƙa katako ya bijire ma iyayenshi ba. Cikin dubu masu gitar, ɗaya ne ke kaiwa inda Mdou ya kai, kuma tsoron iyaye na da tushe, mun ga waɗanda kiɗi ya kai ga shaye-shaye. Abin da nike roƙo ƙarami ne, kuma kowa na iyawa. In akwai tsohon makaɗi ko zabiya a garinku, ku je da goro ku gaishe su, ku nemi izini ku ɗauki waƙarsu da hirarsu da wayar da ke hannunku. Ku rubuta sunan mutum, sunan ubanshi, garinshi da shekarar da kunka ɗauka. In za ku tura ma wani, ku tura da sunan. Wanda ke da tsohon kaset kuma kada ya yar, akwai yaran da sunka iya juya shi zuwa kwamfuta.

Dattijon Bonkuku da ya gyara mini zance, ban taɓa ganinshi ido da ido ba. In wannan rubutu ya kai ga wani nashi, a gaya mishi yaron rediyo ya gyara, ya kuma gode. Allah Ya ba mu zaman lafiya a Kurfai da Nijar baki ɗaya, Ya jiƙan magabatanmu. Sai mun haɗu a tarihi na gaba.